Wayar Mamaci a Jakar Baba

Kakar da mijin Yayata ya rasu, ni aka tura Yashe in taya ta zaman takaba. Na bar ajina na Islamiyya a Kankia na tafi da kaya kala uku, ina zaton sati guda zan yi. Idan na tuna kwanakin nan yanzu, sai in ga kamar cikin barcin rana na yi su: tabarma a gindin darbejiya, gyaɗa shanye a tsakar gida, kurciya tana kuka daga nesa, Yaya zaune da carbi a hannu ba ta ja.

Duk danginmu ni kaɗai na san tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe mata. Ita da mijin sun daɗe suna karɓar magani a wani ɗakin shan magani a Kankia. Shi ya yi wasa da nasa, ita kuwa ko rana ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba. In lokacin karɓa ya matso, sai gajeren saƙo ya shigo wayar kowannensu, ba ya ambaton sunan ciwon. Ni nake karanta mata, don karatun allo ta yi, boko ya wuce ta.

Wata Alhamis da hantsi saƙon ya shigo. An ce ta zo Talata, kuma da kanta, don wannan karon za a ɗebi jini. Abin da ya rage a kwalbarta ba zai kai wata Alhamis ɗin ba.

Matsalar ita ce surukarta. Tsohuwar akwai kirki, amma in ta kafe ko jaki albarka. A wurinta mai takaba ko zaure ba ta leƙawa sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Na ce wa Yaya ta ce ba ta da lafiya. Ta ce ai za a tambayi me ke damunta, ga ta garau, daga nan kuma zancen ya bi gari. Gara maganin ya ƙare, in ta fita takaba ta koma. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata maganar da ƙanwa ba ta faɗa wa yaya. Ta ci gaba da kallon inuwar da ke rarrafe a jikin katanga. Tsoro nake ji, don na ga yadda mijinta ya ƙare.

Ran Lahadi bayan la'asar sai muka ji sallamar Baba. Mahaifinmu malami ne, marigayin kuma a gabansa ya sauke Alƙur'ani, shi ya sa danginsa suka damƙa masa takardun gona da wayarsa kafin rabon gado. Baba bai iya barin amana ta lalace a hannunsa ba. Ashe kullum yana kai wayar caji, ya mayar da ita jakar littattafansa. Can saƙon ya same ta, don masu aikawa ba su san mai ita ya kwanta dama ba. Da ɗan bokonsa na yaƙi da jahilci ya haɗa baƙaƙen: ana tuna wa marigayin ya zo Talata, shi da iyalinsa.

Ya gaisa da tsohuwar, suka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya gaya mata a hankali cewa shari'a ba ta hana mai takaba fita da rana don lalura ba, in dai ta kwana ɗakinta, kuma shi da kansa zai kai ɗiyarsa Kankia jibi. Tsohuwar ta buɗe baki za ta tambaya, ta dubi rawaninsa, ta ce to, Malam ya fi ta sani.

Da ta tashi, ya zauna bakin tabarmarmu. Yaya ta sunkuyar da kai. Har yau ban san iya abin da ya gane ba, don bai tambaye mu komai ba. Wayar ya ciro ya miƙo mini.

"Ke da kinka iya, rubuta musu," in ji shi. "Ki ce mai wayag ga Allah ya yi mishi rasuwa. Amma matatai tana nan da ranta, kuma tana da uba. Za ta taho Talata."

Na fara dannawa, haruffan suna narkewa a idona. Yaya ta kife fuskarta a kan gwiwarsa kamar ƙaramar yarinya, shi kuma ya ɗora mata hannu a ka ya bar ta ta yi kukanta.