Hannayen da Aka Hana Su Ɗauki Fanna

Jama'a, yau dai sai na yi magana! Shekara kusan hamsin ina riƙe da labarin nan a ciki, ko 'ya'yana ba su san rabinsa ba. Amma jiya aka yi sunan tattaɓa-kunnena, murna ta ƙi barina in yi shiru. Ku gyara zama.

A Gure ne, shekarun babban fari. Haihuwata ta fari ke nan, ɗiyata Fanna ko zama ba ta fara ba. Sabulu ya yi wuya, sai muka koma wanki da ruwan kanwa, tunda ga ta nan fara fat a kwarin da muke lambu. Mai jariri kuwa kun san ba ta rabuwa da wankin tsumma.

Da ƙaiƙayi abin ya fara, a tsakanin yatsu. Sai fata ta bushe, ta tsattsage, tana fitar da ruwa. Inda ya lafa sai ya bar tabo fari-fari.

Wata rana a bakin rijiya maƙwabciyata ta kalli hannuna, ta janye guganta. Kafin in kai ruwa gida maganar ta riga ni isa: kuturta.

Aka ware mini kwano da moɗa. Wannan na daure. Abin da ya kusa kashe ni shi ne an hana ni taɓa Fanna. Surukata, Iya Falmata, ita ke riƙe ta tana kanga mini ita a nono, ni kuwa hannayena a baya, naɗe da tsumma. Yarinya na tsotso tana miƙo ɗan hannunta, ba halin in kama. Har aka fara zancen a yaye ta a kai ta Gidigir wurin gwaggonta.

Kada ku zagi Iya. Tsoro ne ya sa ta, kuma ta yi jinyata iyakar ƙarfinta. Kullum da safe sai ta jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ta ce, "Tsoma, ɗiyata. Abin da ke wanke cikin raƙumi ba ya kasa hannun mutum." Ina tsomawa ina hawaye, ita tana cewa zafin nan alamar magani na aiki ne.

Ma'aikacin asibitin garinmu ya shafa mini wani shuɗin magani, shiru. Shi ne ya ce wa maigidana akwai likitan fata da zai zo Damagaram daga Yamai, mu yi ƙoƙari mu riske shi. Aka sayar da akuya, muka hau bayan kamyo, babbar motar kaya. Iya ta biyo mu da Fanna a goye, saboda nono.

A layin asibiti na ga masu kuturtar gaske.

Likitan wani dogon Bazabarme ne, Hausarsa duk a karkace. Ya warware tsumman, ya kama hannayena da nasa, haka nan ba safa ba komai. Wata da watanni ba wanda ya taɓa ni! Ya ce, "Yana ƙaiƙayi?"

Na ce, "Lokotoro, kamar in saɓule fatar in huta."

Ya ce, "Madalla!"

Na ce a raina, to, mun sayar da akuya mun zo wurin mahaukaci.

Ya sa na rufe ido, yana shafa auduga a kan tabon, duk inda ya taɓa ina nuna masa. Ya ɗan soka tsinin allura, na yi tsalle na ce wayyo, ya bushe da dariya. Ya kankari gefen kunnena aka kai ɗakin awo, ya ce mu dawo washegari.

Da muka dawo ya ce awo bai nuna komai ba. "Tabon kuturta ba ya yawan ƙaiƙayi, kuma ba ya jin auduga. Naki har tsalle yake sa ki. Faɗa mini, me hannun nan ke taɓawa daga safe zuwa yamma?"

Kafin in buɗe baki Iya ta karɓe, har da gyara goyo. "Ai ban yi sake ba, lokotoro. Kanwa ungurnu, mai kyau, kullum sai ta tsoma."

Ya dafe kai. "Iya, kanwa ta yi wa kunu, ta yi wa raƙumi. Fata kuwa cinye ta take. Wanki ya jawo ciwon, tsomawa ta hana shi warkewa."

Iya ta ce, "Ashe ni ke hura wutar."

Ni duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya na tambaya: "Lokotoro, ina iya ɗaukar ɗiyata?"

Ya ce, "Wa ya hana ki?"

Iya ta kwance goyo, ta miƙo mini Fanna. Wayyo Allah, nauyin da yarinyar nan ta ƙara ban sani ba! Na rangaɗa guɗa a cikin ofis ɗin mutum, har masu layi suka leƙo.

Ya ba ni man shafawa na farmasi, ya ce in ya ƙare in bi da man kaɗanya, in wanke hannu da ruwa zalla, in rabu da kanwa. Iya ta karɓe wankin gidan kaf, da sanda take juya shi. Kafin damina fatata ta koma sumul.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan nan, ya ji ƙan Iya Falmata da maigidana.

Ku kuma 'ya'yana, ciwon fata ba a yanke masa suna a bakin rijiya, a je wurin masaninsa. Ku faɗa masa duk abin da kuke shafawa, ko na gida ne. In magani na ƙona ku, ku dakata ku tambaya. Ko kuturtar ce ma tana da magani, kada ku guji mai ita.

Jiya a wurin suna Fanna ta zo da jikarta, ta tsaya tana tambaya ko hannuna zai iya ɗaukar ta, wai na tsufa. Na ce, "Ke, miƙo ta nan. An taɓa hana ni sau ɗaya, ya isa."