Wilf Hedley da Indararon Bangon Arewa

Kowace safiya Wilf Hedley yakan zagaya cocin ƙauyenmu da karensa, kansa a ɗage sama. Baƙi sukan ɗauka addu'a yake yi. Indararo yake dubawa.

A bangon arewa, ƙasa da rufi kaɗan, akwai dutsen da Angulo-Sakson, mutanen Ingila na dā, suka sassaƙa fiye da shekara dubu da suka wuce: kuringar inabi ta nannaɗe, tsuntsaye biyu suna cin 'ya'yanta. Yaƙe-yaƙe sun zo sun wuce shi, masu farfasa siffofin coci ma ba su lura da shi ba. Abin da zai kashe shi ganye ne. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya gangaro kan dutsen, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya ɓare. Haka ɗaya tsuntsun ya rasa bakinsa tun kafin a haifi Wilf.

Gyaran rufi ne sana'arsa, kuma ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Tun yana saurayi, duk kaka sai ya kafa tsani ya kwashe ganyen da hannu. Rabaran Maud, limamiyar cocin, ta ce shekarar ambaliya ta gan shi cikin ruwan sama, hannunsa cikin bututu har kafaɗa, yana zaro mataccen hankaka yana zaginsa.

Matata Enid ce mai riƙe masa tsani. Gidanmu yana jikin cocin, daga ɗakin karatuna nakan jiyo su.

"Wilf, in za ka faɗo, ka kauce wa furannina!"

"Ke dai riƙe, uwar surutu!"

Da Enid ta rasu, mutanen gari sun cika min gida da furanni da kalaman da suka haddace, sannan suka ɓace. Wilf bai kawo komai ba. Sai da ganye ya fara zuba ya buga min ƙofa.

"Malam, sa takalmi. Tsani ba ya riƙe kansa."

Na ce ban taɓa yi ba.

"Ai ba karanta shi za ka yi ba. Riƙewa kawai."

Ranar na fara fita daga gida.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, likita ya hana shi hawa. Lahadin da ta wuce aka yi masa walimar sallama a zauren coci. An yanka kek, an yi jawabai, wani ma ya share hawaye. Ba wanda ya tambayi inda ake ajiye tsanin. Wilf ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kek ɗin ya bushe. Wa zai hau bana?"

Wilf, kai ne mai gadin da ba a naɗa ba. Wanda ya sassaƙa tsuntsayen nan ba a san sunansa ba, kai ma ba za a rubuta naka a bango ba, amma aikinku ɗaya ne. Na gode da dutsen. Na gode da buga ƙofar.

Ku kuma da kuka tafa masa a walimar, ganye ya fara zuba. Tsanin yana bayan ɗakin kayan coci. Ranar Asabar da hantsi zan tsaya a gindin bangon arewa in riƙe shi, don iyakar abin da na iya ke nan. Saura mai hawa. Tsuntsu ɗaya ne ya rage da baki.