Lambar Kofur Japhet

A Rikoto ba wanda bai san Baba Japhet ba, tsohon kofur ɗin da ya yi yaƙin Laberiya ya dawo da ɗingishi da lambar yabo guda. Ɗingishin bai dame shi ba. Lambar kuwa, tun da ya ajiye kaki ya maƙala ta a ƙirjin wata shuɗiyar riga, da ita yake zuwa coci, da ita yake zuwa kasuwa. Mu maƙwabta mukan ce ko wanka da ita yake shiga. Taurin kai gare shi na fitar hankali, amma ina son tsohon nan.

Ranar da muka shiga motar Bena tare, tun a tasha Lukuman direba ya roƙe shi.

"Baba, don Allah hidda abin ga. Mutanen daji in sunka ga alamar soja, ba su tambaya."

"Ɗana, harsashi bai cire mini ita ba, kai ne za ka cire?"

Lukuman ya yi ƙwafa ya ta da mota.

Mun yi nisa, hanya ta yi tsit, ko mai keke babu. Sai ga babura can gaba sun gicciye titi, kowanne da mutum biyu, bindigogi a kafaɗa. Babu halin juyawa. Duk wanda ke motar ya san abin da ke ƙirjin Baba zai iya jawo mana.

 Baba ya dubi Dinah, wata mai goyo da ke gefensa, ya dubi jaririnta. Ya sa hannu ya ɓalle lambar, ya zura hannun ta taga ya sake ta cikin ciyawa.

Ashe da sauran rina a kaba. Rana ta shekara da shekaru tana cin rigar har ta koɗe, sai wurin da lambar take zama ya rage shuɗi shar. Zanenta ya fito raɗau, har da na ƙyallen da take rataye a jiki. Mota tana rage gudu, Baba yana murza wurin da yatsa kamar zai goge.

"Baba, riƙe jikanka," in ji Dinah, ta ɗora masa jaririn a ƙirji.

Ɗaya daga cikin masu bindigogin ya leƙo, idanunsa jajur. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan tsohon.

"Kai tsoho, mi kake yi?"

"Noma, ranka ya daɗe."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba, kuma ta yi mini ciwo. Suka kwashe wayoyi da burodin da ke gaban mota, suka ce mu wuce.

Da hanya ta lafa, ya koma wurin har sau da yawa yana tona ciyawa da sanda. Bai same ta ba.

Yanzu Mama Leah, matarsa, ita ke shan fama. Ya hana ta shanya rigar a rana, sai dai a ɗaka, a inuwa. Ta ce masa rigar ta mutu, ya bari a ɗinka sabuwa.

"Sabuwar ba ta san ni ba," in ji shi.