Kibau Masu Ƙyalli

Ko yau aka tashe ni daga barci zan ba da labarin ranar da kwamitinmu ya zauna zaɓen kan kibiya. A shekarun 1990 ne, ina akawun sito a sashen gona a Suleja. Aladun daji sun addabi doyar manoma wajen Tafa, aka ɗauko wani maharbi, Baba Maikwari, ya yi maganinsu. Ƙa'ida ita ce duk kayan aikin da za a ba mutum, sai an kawo samfuri kwamiti ya gani. Mu biyar ne, babu wanda ya taɓa harbin ko ƙadangare.

Maƙeri ya kawo iri biyu. Ɗaya baƙi ne, mai faɗi, mummuna, da sifirin ɗin mota aka ƙera shi. Ɗayan siriri, an goge shi yana ƙyalli, irin wanda ake sayar wa baƙin Abuja su rataye a falo.

Baba ya saki kowanne a kan siminti, ya saurari ƙararsa, sannan ya ɗaga baƙin kan kibiyar ya nuna wa shugaban sashenmu. "Ranka ya daɗe, wannan ne ke huda fatar alade. Wancan ƙarfensa ɗanye ne."

Shugaban sashe ya ce, "Baba, gwamnati ba ta raba kaya masu tsatsa. Idan baƙi suka zo dubawa, me za mu nuna musu?"

Ɗan ƙauye ne ni, na san gaskiyar Baba. Amma ina jiran ƙarin girma, sai na duƙar da kai na rubuta cewa kowa ya amince da mai ƙyallin.

Da Baba ya harbi wani ƙaton alade, kan kibiyar ya lanƙwashe kamar cokali. Aladen ya juyo ya farke masa cinya. Manoma ne suka ɗauko shi a amalanke. Ni aka sa na rubuta rahoto, na ce maharbi ya tsufa. Sauran kibau kuwa aka jera su a bangon ofis, duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Na je duba shi a asibiti, kunya kamar ta kashe ni. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam akawu, gobe in za ku zauna, ku gayyaci aladen. Shi ma ya san ƙarfe."

Don haka ku da kuke sito yanzu, ku tambayi wanda zai riƙe kayan kafin ku sa hannu. Na samu ƙarin girmana a shekarar. Baba da sanda ya ƙarasa rayuwarsa.