Rezo Ya Zo, Rezo Ya Tafi

Hannu na fara gani. Hoton da ya sa a wayarsa babu fuska, hannu ne kawai da agogo, an ɗora shi a kan ƙarfen gada, ruwa na ƙyalli a ƙasa. A wani zauren karatu na waya muka haɗu, inda ake turo littattafan soyayya shafi-shafi. Ni kuwa tun ina koleji na sha irin waɗannan littattafai, na san duk namijin da ya ɓoye fuskarsa a babi na farko, a babi na goma zai fito da mota da dogon hanci. Ya ce a Yamai yake, ban nemi ƙarin bayani ba. Yakan turo saƙon murya, murya mai taushi kamar yana tsoron tada wani daga barci, ni kuma in yi ta saurare har tuwo ya kama a tukunya.

Ya yi alkawarin zai zo Tawa ya gaida iyayena, rana kawai ta rage ya faɗa. Ana cikin haka mahaifiyata ta tura ni ƙauyenmu kusa da Kalfu, in zauna da kakata da gwiwa ta matsa wa lokacin girbi.

A ƙauyen ba a samun rezo, wato layin waya, sai a kan wani tudu bayan rumbuna. Sau biyar ko shida a yini nake hawa, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. In na sauko fuska a murtuke Kaka ta tambaya, sai in ce rezo bai zo ba. Wata rana in ce ya zo, amma bai daɗe ba ya tafi. Ita dai sai ta gyaɗa kai.

Ashe ta gama gaya wa matan unguwa cewa jikarta ta yi saurayi, sunansa Rezo, da jin sunan baƙo ne, ga kunya, ba ya wuce tudu. Matan duk sun san rezo, da shi suke jin muryar mazansu da ke ci-rani, amma babu wadda ta gyara mata. A bakin rijiya sai su tambaye ni lafiyar mutumin nawa, su ce su ma yana wahalar da su haka. Ni ina zaton tausayina suke ji.

Wata Alhamis da hantsi ina kan tudu, sai ga Kaka tana hawowa da sanda, ta ɗaura zanen sallarta, ƙwaryar fura a ka. Ta zauna a kan dutse tana haki, ta duba gabas ta duba yamma.

"Ina shi?"

"Wa, Kaka?"

"Rezon. In kunya yake ji, ki ce mishi ni ma na yi ƙuruciya."

Na ce ba mutum ba ne, wani abu ne cikin iska da ke ɗaukar magana. Kalmar iska ce ta ɓata komai. Ta ajiye ƙwarya ta kama kaina tana tofa mini addu'a, tana cewa dama ta ga alama, budurwa tana dariya ita kaɗai a bayan gari. Don in fitar da kaina daga hannun aljanu, dole na faɗi gaskiya: akwai mutum, a Yamai, kuma aure yake so.

Ta saki kaina. Ta tambayi ɗan wane ne, na ce ban sani ba. Ta tambayi sana'arsa, na ce yana da hidimomi. Dogo ne ko gajere, na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce sauran jikin fa? Daga nan ta sa na danna wurin ɗaukar murya, ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta.

"Kai yaro, kakarta ce. Ran kasuwar Kalfu ka taho, da ƙafafunka da fuskarka, hannun mun gani. Ubanta shi ne mai walda kusa da babbar kasuwar Tawa, kowa ya san shi. Kai ma ka faɗi naka."

Saƙon ya tafi, alama ta nuna ya saurara. Muka jira har rana ta take, muka shanye furar mu biyu.

Kwana uku ina hawa tudu. A na huɗu hoton ya ɓace, lambar ma ta daina shiga. Na kwanta ina jiran ciwon da ke kama 'yan mata a littafi, wanda ake kai su asibiti a mota, amma bai zo ba, sai yunwa. Kaka ta miƙa mini taɓarya. Na jefa wayar cikin kwalla na rufe, da niyyar kwana ɗaya, ta yi mako uku a can. A wurin sussuka na ji yadda Kaka ta ƙi manema biyu, ɗaya don yana cin goro shi kaɗai daga aljihu. Na gane maƙwabciyarmu ta fi duk marubutan da na sani iya ja wa mutum rai in tana ba da labari. Har yau nakan rufe waya a kwano in an zauna hira, mijina yana cewa ajiyar ƙauye.

Bayan shekaru, Kaka ta riga ta rasu, na shiga wani shagon atamfa a Tawa da ɗiyata a goye. Daga bayan kanta wata murya mai taushi ta ce, "Hajiya, wagga ba ta zuba." Muryar nan ce, ta mai hannu da agogo. Gajere ne mai sanƙo, shagonsa layi biyu daga wurin mahaifina, wanda ma shi ya yi masa ƙofar ƙarfe. Bai gane ni ba. Da muka taɓa hira ya ce 'ya'yansa mata uku, kuma ya hana su riƙe waya, don maƙaryata sun yi yawa a ciki. Na ce gaskiya ne, Alhaji. Na sayi turmi ɗaya, wankin farko ta zuba.