Gudun Safe Ya Kai Ni Gidan Mari

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ni malamin gona ne a Kazaure, da matata da 'ya'ya biyu ƙanana, ban kai shekara arba'in ba. Aikina zagaya ƙauyuka ne, daga wajen Roni har Gwiwa, ina nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani da feshin gyaɗa. Da can da keke nake yi, wani wurin ma da ƙafa. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi sai na sayi babur, daga ranar ko masallacin unguwa ba na zuwa da ƙafa. Shayi da madara da safe, tsire da yamma, kafin ka ce me tumbi ya fito, mutane suna ta cewa Malam hutu ya karɓe ka, ni kuwa ina washe baki. Edita, na rubuto muku ne don abin da ya biyo baya ya daɗe yana cina, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka yi sun san kansu, wasunsu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Ciwon kai ne ya fara damuna, sai jiri, har wata rana na yanke jiki na faɗi a gonar wani manomi. Likita a Kano ya gwada ni ya ce hawan jini ne, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri da nama, kuma lallai in riƙa motsa jiki har in yi gumi. Na tsorata ƙwarai, don shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da mahaifinmu har ya rasu. Ina da wani aboki tsohon soja, ya dawo daga yaƙin basasa yana koyar da wasanni a wata makarantar sakandare a garin, shi na kai wa kukana. Ya tsara mini abin dalla-dalla. Ya ce in fita bayan sallar asuba in bi hanyar Roni, in yi gudu daga wannan turken waya zuwa na gaba, in taka a hankali zuwa na gabansa, in sake gudu. Yau in fita, gobe in huta, duk mako in ƙara kaɗan. Ya ja mini kunne cewa in numfashi ya hau kada in kuskura in tsaya cak ko in tsugunna, jiri zai iya kayar da ni. In dole ta sa na tsaya, to in riƙa ɗan tsalle a wuri ɗaya har jiki ya sauka.

Ranar farko wallahi na ɗauka mutuwa zan yi, ƙirjina kamar an hura wuta. Takalmin kambas da na saya ya sale mini dunduniya, na kwanta jinya, na koma farko. Na fara samun kaina ke nan karnukan wata ruga suka biyo ni, na afka cikin ƙaya, mai rugar yana korar su yana dariya. Da damina ta yi nisa na zame a laka gwiwa ta kumbura, na sake zama. Sai ga azumi, sojan ya ce tafiya kawai zan yi da la'asar, bayan salla kuma in koma baya in sake tasowa. Wannan komawa baya ita ta fi ba ni haushi, har na taɓa jefar da takalmin a bayan ɗaki na ce na daina, washegari na je na ɗauko abina. Da kaka ta yi, sai ga ni ina zuwa kusa da gindin wani dutse da ke bakin hanya in dawo, tafiyar da nake sakawa a tsakani kaɗan ce. Ciwon kai ya tafi, wandunana suka yi mini yawa, likita ya ce in ci gaba, kada in fasa.

Mutane kuwa ban ɗauke su da zafi ba. Mata masu zuwa ɗiban ruwa in sun hango ni sai su kauce cikin gona. Manoma su saki fartanya su leƙa bayana su ga abin da ya koro ni. Wata rana ma wasu samari biyu suka rufa mini baya da sanduna, sun zaci ɓarawo nake bi. Dariya abin yake ba ni. Maiɗakina ta ce ana fa magana a gari, wai magidanci da gemunsa yana yawo da gajeren wando, sai na koma sa dogo don a zauna lafiya. Na taɓa yi wa yayana bayani, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, na ce likita ne ya sa ni. Ya taɓe baki ya ce wane irin likita ne zai sa babban mutum gudu kamar ɓarawon akuya. Na share shi, na ɗauka tsiyar 'yan'uwa ce.

Ranar da abin ya lalace ita ce ranar da sojan ya ce in gwada zuwa gindin dutsen in dawo ba tare da na taka ko sau ɗaya ba. Na ci rabin hanya, jiki ya saki, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba, sai ga Baffa a kan jakinsa zai tafi gona. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa, shi ya yi mini aure. Tun da na yi wayo ban taɓa wuce shi ban cire takalmi na tsugunna ba. Ranar nan na ɗaga masa hannu na yi jinjina na wuce. Ya ƙwala mini kira, na juyo, na zo gabansa ina ɗan tsalle a wuri ɗaya ina haki, kamar yadda aka koya mini. Ya tambaye ni wa ya biyo ni, na ce ba kowa, Baffa. Ya ce to ina za ni, na ce ba ko'ina, gindin dutsen can zan taɓa in dawo. Ya ce me zan ɗauko a can, na ce ba komai. Ya zuba mini ido, na ji ya yi salati a hankali, ni kuwa na ce masa zan zo gida in gaishe shi, na ci gaba da guduna. Gaskiya tsagwaronta na faɗa masa a duk abin da ya tambaya. Da yamma na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai yi faɗa ba, sai sannu yake ta yi mini da muryar da ake yi wa marar lafiya, ya miƙo mini ruwa a ƙoƙo ya ce in shanye. Na tafi gida ina murna wai magana ta wuce.

Ba a yi mako ba, na dawo daga gudu da safe na tarar da yayana a zaure da wasu ƙarti. Kafin in yi sallama sun danne ni, sun ɗaure ni da igiyar da ake ɗaure shanu. Maiɗakina ta fito tana kuka tana rantsuwa cewa lafiyata ƙalau, yayana ya daka mata tsawa ya ce ita ce ta ɓoye ciwon har ya yi ƙarfi. Ina ihu ina fizge-fizge, su kuma suna cewa kun gani ko, kun ga irin ƙarfin da aljanun suke da shi. To don Allah wane mai hankali ne za a ɗaure a ƙofar gidansa gaban 'ya'yansa ya yi shiru? Na ce a kira sojan. Ashe ya tafi garinsu hutun makaranta, kuma yayana ya ce shi ma ai tun da ya dawo daga yaƙi kansa ba daidai yake ba. Na ce a kai ni wurin likitan Kano a tambaye shi. Baffa ya ce likita ba ya ganin iska, mutumin da ke gudu ba mai korarsa, ba inda za shi, ba abin da zai ɗauko, kuma ya kasa tsugunna wa ubansa, ba allura yake bukata ba. Aka jefa ni bayan a-kori-kura aka nufi wani ƙauye a bayan duwatsu, gidan wani mai magani.

Can aka buga mini mari a ƙafa, aka haɗa da wani gungume. Hayaƙi da safe har sai na shaƙe, jiƙo mai ɗaci da rana, bulala in an ga dama. Kowace safiya mai maganin zai tsaya a kaina ya tambayi jiki, in ce lafiyata ƙalau, kuskure aka yi. Sai ya juya ya gaya wa mutanensa cewa duk haka suke faɗa, aljani mai taurin kai ne a jikina, a ƙara hayaƙi. Ƙwayoyina suna gida, ciwon kai ya dawo sabo. Ƙarfen ya ci idon sawuna na dama ya kumbura yana ruwa. Akwai bayin Allah a ɗaure tare da ni waɗanda da gaske ba su da lafiya, su ma ban ga abin da dukan ya ƙara musu ba sai firgita. Yayana yakan zo da fura a ƙwarya, ya tsaya daga nesa ya tambayi mai maganin ya mai jiki. Ni da ke zaune a gabansa ina kiran sunansa, ko kallona ba ya yi.

Da na ga wata ya mutu wani ya tsaya, ƙafa tana neman ruɓewa, sai na gane gaskiya ba za ta fitar da ni daga gidan nan ba. Ranar da Baffa ya zo da yayana da wasu dattawan unguwarmu, na sunkuyar da kai na shirya musu abin da suke son ji. Na ce wata mata ce take kirana daga kan dutsen nan kowace asuba, ita ta hana ni gaida manya, amma yanzu ta ce ta sake ni. Mai maganin ya hau washe baki yana cewa ai ya faɗa. Baffa ya fashe da kuka yana hamdala. Ba a daɗe ba aka kwance ni, aka kawo ni gida mutane suna tururuwar barka. Ina zaune ina amsa musu, cikina kamar in haɗiye zuciya in mutu.

Ƙafar ba ta sake komawa daidai ba, har yau da ɗingishi nake tafiya, gudu kuwa ya ƙare. A wurin aiki aka cire ni daga zagayen ƙauyuka aka ajiye ni a sito, wai kada a wahalar da ni. Da sojan ya dawo ya ji labari, ya rantse sai ya kai ƙara, ni na hana shi, don ban ga yadda zan tsaya da Baffa gaban alƙali ba. Shekara da shekaru duk wanda ya gamu da ni sai ya ce ya jiki. In ana shawarar gida na ɗaga murya kaɗan, sai a kalli juna a ce a bar shi kada abin ya tashi. Na taɓa samun yayana na gaya masa ƙarya na yi don in kuɓuta, ya ce in na sake faɗin haka zai san ciwon ya dawo, kuma ya san hanyar ƙauyen. Baffa ya rasu yana ganin ya ceci raina. Yayana kuwa yanzu shi ma hawan jinin ya kama shi, kullum da safe yana kan hanyar Roni yana sassarfa, mutane suna yi masa sannu da ƙoƙari. Bai taɓa buɗe baki ya ce in yafe masa ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bana. 'Yata ta fari, wadda tana tatata aka ɗaure ni, ta sami manemi, yaron kirki daga wajen Babura. Iyayensa suka zo aka gaisa, aka karɓi kaya, sai suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Daga nan muka ji shiru, can suka aiko a mayar musu da kayansu. Wai akwai iska a gidan, irin wadda ke bin jini, kuma ba ƙage ba ne, uban yarinyar da bakinsa ya faɗa gaban dattawa. Yarinyar ta same ni a ɗaki ta durƙusa, ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na gaya mata komai, tun daga babur har zuwa matar da na ƙirƙira a kan dutse. Ta kalli ƙafata, sannan ta ce ita ta yarda, amma wa kuma zai yarda.

An ce in yafe, ina ƙoƙari, amma ban kai ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Ga masu ganin ɗan'uwansu ya ɗauko wani abu da ba su saba gani ba, ku ji tsoron Allah, ku bi shi ku ji daga bakin wanda ya sa shi kafin ku nemo igiya. Rashin sanin abu a wurinku ba hauka ba ne a wurinsa. Kai kuma da likita ya ce ka motsa jiki, kada ka yi dariya ka share maganar mutane kamar yadda na yi, ka ɗauki babban gidanku ka kai shi gaban likitan ya ji da kunnensa. In kuwa Allah ya jarrabe ka aka matsa maka ka amsa abin da ba ka da shi, ka tuna ba kai kaɗai za ka ɗauki amsar ba. Ni na ce ina da iska don in ceci ƙafa ɗaya. Makon jiya aka kai babbar ƙawar 'yata ɗakin miji, ita kuwa ta ƙi zuwa bikin, ta ce ba ta son mata su riƙa matsawa in ta zauna.