Cefanen Kaka Ige a Bicin Tunga

Laraba: Kaura zuwa Zurmi

Ana sallame sallar asuba na saɓi jakata na fito, haƙorana na kaɗawa don ɗari kamar keken ɗinki. 'Yan ajinmu, ku da kunka cika mana gurup da hotunan bicin Legas a wanga hutu, ku matso ku sha labari. Mu ma mun je bici, kuma namu ko tikitin shiga babu.

Amma fa ba yawo kaɗai ya fitar da ni ba. Kakata ta wajen uwa, Kaka Ige, tun da ta tashi daga zazzaɓi ta yi yaji da abinci. Tuwo a'a, shinkafa a'a, kunu ma cokali biyu ta ture. Ta rame har awarwaronta na sulluɓowa zuwa gwiwar hannu. Innarmu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta rasa ta cewa. Ran nan ina zaune kusa da ita ina danne-danne, tsohuwar ta harare ni.

"Kai Nura, mijin banza. Kullum latse-latse, ba ka taɓa yo man cehwane ba."

"Amarya, faɗi abin da ranki ke so, yanzu a yi oda."

"Kihin gurbinmu na Tunga nika marmari. Ran Assabar za a buɗe shi. In ka isa mai gida, tahi ka ɗebo man."

Tunga ƙauyensu ne can bayan Shinkafi, bakin gulbi. Ni ko da na ji yashi da ruwa da kifi, na ce ai bici ke nan! Nan take na kira abokina Lawwali na Zurmi, mai waya mai kyamara uku, na ce ya goge ta ya jira ni.

Na isa tasha wajen ƙarfe shida, na kama gidan gaba a wata tsohuwar Golf, ina jin kaina babban yaya. Direba ko ya miƙe ƙafa wajen mai shayi.

"Direba, mota ta cika fa."

"Ɗan makaranta, hanyar ga ba a yi mata sammako. Sai mun ga motar da ta hito daga can tukuna. Zo ka sha shayi."

Na sha kauri da ƙosai mai zafi. Sai wajen takwas da rabi wata mota ta shigo daga Zurmi, direbanta ya ɗaga babban yatsa, munka ce bisimilla. A shingen farko wani soja ya leƙo, ya gan ni da baƙin gilashi da rigar sanyi biyu.

"Kai kuma ina za ka da gilashi da safen nan?"

"Bici, oga."

"Bici? A Zurmi?" Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gan ni. Sunka yi dariyarsu, sunka ɗage mana.

Kafin sha ɗaya muna Zurmi. Innar Lawwali ta tarbe ni da hoce mai ɗumi, wainar dawar nan tamu, da miyar sure, wato yakuwa, ga yajin ƙuli a gefe. Jama'a, wanda bai ci hocen Zurmi da ɗari ba, ya yi shiru in ana maganar abinci. Na ci har wandona ya fara ƙorafi. Nan munka kwana.

Alhamis: Shinkafi, sai Tunga

Ranar kasuwar Shinkafi ce, saboda haka mota ba wuya, wurin zama ne wuya. Mu biyu a kujera ɗaya, buhun barkono a kan cinyata, rago a but yana sa mana baki a hira. Atishawa dai na yi ta tun daga Zurmi har munka sauka.

Kasuwa ta ci ta batse: raƙuma, shanu, shinkafa 'yar gida tuli-tuli, rake kamar gora. Muna ratsa layin masu bandar kifi, Lawwali ya ja ni gefe.

"Mutumina, ga kihi nan reras. Mu saya mu ce na Tunga ne, mu huta."

"Ba ka san Kaka Ige ba. Tsohuwar da ke gane miyar da anka sa wa gishirin aro? Kuma hotunan fa?"

"Au, to, hotuna. Mu je."

Munka ɗauki kabu-kabu guda mu biyu, ya bi da mu ta cikin gonakin albasa da dankali. Sabis ya fara raguwa sanda-sanda har ya ce ga garinku. Muna hawa wani tudu, mai mashin ya nuna da haɓa: "Ga gulbinku can."

Wallahi sai da na ce a tsaya. Ruwa ya janye ya bar yashi fari tas, shimfiɗe kamar an share, iya ganinka. Can tsakiya ga gurbi, wato wuri mai zurfi da ruwa ke kwanciya bayan gulbi ya ƙafe, shuɗi, balbelu na zagaye da shi. Lawwali ya ce, "Legas ta zo ta ɗauki kwas."

A Tunga munka sauka gidan Kaka Mani, ƙanen Kaka Ige, dogo, mai hannu kamar faranti. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wanga shi ne mijin Yaya? Kai, Yaya ta yi asara. Ko ɗan tsako ya hi ka nama."

"Tsoho, ni da kuɗina na zo. A ware min manya-manya na amarya."

Ya yi dariya har da tari.

"Kihin ranar buɗe gurbi ba a sai da shi, yaro. Tun kakanninmu. Wanda ka so, shi shiga ruwa."

"To ka kama ka ba ni mana."

"Kyauta ta marasa mai shiga ce: gwauraye da marayu. Mun aika ma Yaya za mu kai mata nata kason, tac ce a bar shi, ita tana da miji, kuma shina tahe. Ba kai ne ba?"

Lawwali ya faɗi kan tabarma yana riƙe ciki. Ni ko na sha jinin jikina. Ni da ko kududdufin bayan makaranta ban taɓa shiga ba! Ashe tsohuwar nan ta san abin da ta aiko ni. Kuma na san halinta: in na koma hannu rabbana, ba za ta karɓi na kowa ba, kwanonta zai ci gaba da komawa kicin a rufe.

Juma'a: cilin, wato shan iska

Bayan masallaci munka sauka yashi. Sanyin safe ya tafi, rana mai daɗi, yashi ɗumi-ɗumi a tafin ƙafa. Na ɗauki wanka: gajeren wando mai furanni, gilashi, tawul a wuya. Munka binne dankali a yashi munka hura wuta a kai, munka fasa kankana daga lambun gefe. Goggo Rabi, matar Kaka Mani, ta aiko da shinkafa da wake da man ƙuli, ga ƙwaryar fura da nono mai tsami-tsami. Lawwali ya yi ta ɗauka, ni ina ta ba shi sitayil. Wasu mata masu ɗiban ruwa sunka tsaya suna kallo, ɗaya ta ce, "Wayyo, ɗan mutane, da kyawonai." Ta ɗauka taɓin hankali ne.

Da la'asar Kaka Mani ya kawo gora, ƙatuwar ƙwarya mai baki a sama, da homa, wato ragar hannu mai baka. A kan yashi ya koya min, don ba mai taɓa gurbi kafin Sarkin Ruwa ya ba da izini.

"Kwanta bisa. Cikinka shi ne marhin gora. Ka kama kihi, ka ɗan karkata, ka jehwa ciki, ka koma ka ruhe. Kada ka ɗaga. Mi nic ce?"

"Kada in ɗaga."

"Ko uwarka ta kira ka."

Na yi ta wutsil-wutsil da ƙafa a kan yashi kamar kunkurun da anka kifar. Wannan ma Lawwali ya ɗauka, munafuki.

Asabar: su, wato kamun kifi

Hantsi na yi bakin gurbi ya cika. Mutane daga ƙauyukan kewaye, kowa da gorarsa da homarsa, makaɗa na ta zuba kalangu. Sarkin Ruwa, wani ɗan tsoho mai jar hula, ya shiga har gwiwa, ya yi addu'a, anka shafa. Ya ɗaga hannu ya sauke. Kai! Kamar an buɗe ƙofar hol ranar jarabawa.

Na ruga da jama'a na faɗa. Ruwan nan, 'yan uwa, firiza ce. Numfashina ya tsaya, na ji sanyi har cikin haƙorin da na cire bara. Amma gora ta ɗauke ni! Na fara tafiya, ina tura homa ƙasa ina ɗagowa kamar yadda na ga ana yi. Farko ciyawa. Na biyu takalmin wani. Can sai na ji homa ta yi nauyi tana fizga. Karfasa! Mai faɗi kamar littafi! Na jefa ciki na rufe. Ba a jima ba ga tarwaɗa mai gashin baki, ita ma ta bi sahu. Ina jin su suna bugun cikina ta bakin gora, ni ko kaina ya gama fashewa.

Sai na ji muryar Lawwali daga bakin ruwa:

"Nura! Maza! Kalli nan! Ɗago ka ba su yatsa biyu!"

Na ɗago.

Gora ta juya kamar ƙwallo. Ni ƙasa, ita sama, bakinta cikin ruwa. Na sha na farko, na sha na biyu, na fara kalmar shahada ina ihu a cece ni. Wani mutum kusa da ni ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Tashi tsaye, malam." Na miƙe. Ruwa iya ƙirji.

Gora wayam. Karfasa da tarwaɗa sun koma ga iyalansu. Gilashina ma ya bi su.

Kaka Mani ya iso a kan tasa gorar, cike har tana nitsewa.

"Uwarka ce ta kira ka?"

Na jawo gorata zuwa gaɓa. Na fito na zauna a yashi ina karkarwa, leɓena ya yi shuɗi. Lawwali ya rufa min tawul yana cewa, "Sori, mutumina, amma bidiyon ya haɗu." Gurbi ya riga ya dame ya koma kunu, manyan kifi duk an kwashe, mutane sun fara fitowa. Da zarar Sarkin Ruwa ya sa an tsai da kiɗa kuwa, shi ke nan, an rufe gurbi. Raina ya ce mu tafi gida kawai. Sai awarwaron nan ya faɗo min, yana sulluɓowa.

Na yar da tawul. Ban ɗauki gora ba, na ja homa na bi gefe inda laka take, inda tsofaffi ke lalube. Na durƙusa har wuya ina tura raga cikin taɓo. Na ɗago, sai ga wani ɗan kifi baƙi yana gurnani, ƙurrr-ƙurrr, kamar tsohon janareto. Kurungu. Na kai hannu da zumuɗi na damƙe, shi ko ya miƙe ƙayarsa ya luma min a tsakiyar tafi. Na yi ƙara har makaɗa sunka waiwayo. Amma ban sake shi ba. Na cusa shi a aljihun wandon furanni na koma laka. Kafin kiɗa ya tsaya na haɗa guda huɗu, dukansu ba su kai tsawon wayata ba.

Kaka Mani ya matse min jinin, ya tsoma hannun a ruwan zafi. Bai yi min tsiya ba ko ɗaya. Ya dai ce wa Goggo Rabi, "A banda ma Yaya waɗanga daban. Kada a haɗa su da nawa." Mu kuma anka gasa mana tarwaɗarsa a bakin ruwa, da yaji da albasa, muna ci muna hura yatsu. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, ko da hannun hagu ne a naɗe.

Lahadi: gida

Da hantsi munka yi sallama. Goggo Rabi ta ƙulle kurunguna a takarda, sun ƙara ƙanƙancewa a wuta har ina jin kunyar su. Kabu-kabu zuwa Shinkafi, nan munka rabu da Lawwali, na hau motar Kaura. Sabis na dawowa saƙonni sunka yi ta shigowa kamar ƙanƙara, ban buɗe ko ɗaya ba, ina rungume da ƙunshina. Ana kiran azahar keke ya aje ni ƙofar gida.

Kaka Ige na kwance a tabarma. Na buɗe takardar a gabanta. Ta kalla, ta kalle ni.

"Kihin ya yi kama da mai shi. Miƙo hannunka."

Na miƙa na dama.

"Ɗayan."

Ta warware tsumman, ta ga hujin da kumburin. Ta danna da babban yatsa har na yi tsalle.

"To. Wanga ba a kasuwa anka samo shi ba." Ta juya wajen kicin. "Ke, a sa man su miyar kuka. Kada a cika daddawa."

Da tuwo ya sauka ta tashi zaune da kanta. Loma ɗaya, biyu, tana tsotsar kan kurungu tana lumshe ido, tana ba mu labarin yadda babansu ke kawo mata irinsu a hula. Ta share malmala guda, ta tura kwano ta ce a ƙaro rabi. Innarmu ta karɓi kwanon ta yi kicin da sauri, ta daɗe ba ta fito ba, wai hayaƙi ya shige mata ido. A gas take girki.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Godiya ga direbobin da sunka san lokacin tashi, ga Innar Lawwali da hocenta, ga Kaka Mani da Goggo Rabi da mutanen Tunga. Lawwali, na gode, amma in bidiyon nan ya shigo gurup, ni da kai ne. Ku kuma 'yan Legas, na ga hotunanku, sun yi kyau. Ni guda ɗaya zan sa: kwanon amaryata, an suɗe shi tas.